Taswirar da ba a tambayi masu wuri ba

Ƴan'uwa masu bincike, yau da ku nake. Ɗaukar lambar wuri da GPS, wato lambar da ke nuna daidai inda wuri yake a taswira, ya zama ruwan dare a jihar Tahoua. Mutum ya sauka ƙauye da salula a hannu, ya tsaya bakin rijiya ya danna, ya ƙirga garken shanu, ya hau mota sai Yamai. Ko maigari bai san abin da aka tafi da shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton tauraron ɗan adam. A ɗauki hoton Azawak, wajen Abalak ko Cintabaraden, tsakiyar rani: ba bukka, ba dabba, sai ƙasa fayau. Mai zana taswira a biro sai ya rubuta cewa fili ne babu kowa. Alhali ruwa na sauka makiyaya za su dawo, don nan tabkinsu yake, nan burtalinsu ya bi, nan kakanninsu suka gina rijiya. Dokar 1961 ta shata wa noma iyaka ta arewa, kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun san da haƙƙin makiyayi a mazauninsa. To amma in mai neman fili ya shiga gaban hukumar filaye ta COFO riƙe da taswirar da ta ce babu kowa, da me tsohon Bafillace ko Buzu zai kare kansa? Bakinsa kawai gare shi, kuma a biro takarda ake saurare.

Ga kuma batun tsaro. A 2018 taswirar manhajar Strava ta masu motsa jiki ta tona inda sansanonin soja suke a ƙasashe da dama. Sojoji ke nan fa, balle rugar da aka wallafa lambarta da yawan dabbobinta a lokacin da ɓarayin shanu ke yawo da bindiga. Masu binciken DHS, shirin binciken lafiyar jama'a a ƙasashe da dama, da gangan suke gusar da lambar ƙauye har kilomita 5 kafin su fitar da ita don kar a gane wurin, kuma binciken bai lalace ba.

Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, sai dai ni ba tsoron doka nake so ya sa mu gyara ba. A zauna da maigari da ardo da matan da ke jan ruwa, a faɗa musu da harshensu inda bayanan za su je. In sun ce kar a sa wata rijiya, a bar ta. In an gama zane a dawo da shi garin, su duba, su nuna inda aka yi kuskure tun ba a buga ba.