Waye zai shayar da bishiyar bayan an tafi hutu?

Da Maris ta kama sai jami'o'i su rikice da hidimar muhalli. 22 ga Maris ranar ruwa ta duniya, ƙarshen wata a kashe fitilu na awa ɗaya, sai kuma uwa uba 22 ga Afrilu ranar kare doron ƙasa, a buga riguna korra, a manna fosta ko'ina, a miƙa wa shugaban jami'a shebur ya dasa tsiro ɗaya ana ta tafi ana ɗaukar hoto. Ni fa ba na adawa da abin, matsalata da shi guda ɗaya ce: an gina shi kan ɗalibai kaɗai, su kuwa ɗalibai masu tafiya ne.

Ku duba asalin ranar kare doron ƙasar ma. A 1970 Sanata Gaylord Nelson ya assasa ta a Amurka, wani matashi Denis Hayes ya jagoranci shirye-shiryen, kuma an zaɓi 22 ga Afrilu ne saboda ta faɗo tsakanin hutun bazararsu da jarrabawar ƙarshen zango, lokacin da ɗalibai ke cike da makaranta. Dabarar ta yi aiki sosai kam, mutum kusan miliyan 20 suka fito, kafin shekarar ta ƙare an kafa hukumar kare muhalli ta ƙasar. Amma dai kun ga kalandar ɗalibai aka duba, ba ta bishiya ba. Sati kaɗan bayan bikin an shiga jarrabawa, an gama kowa ya ɗaure jaka, tsiron nan da ke neman ruwa akai-akai a shekararsa ta farko ba mai waiwayarsa, ƙungiyar da ta dasa shi ma shugabanninta sun kammala karatu sun wuce.

Waɗanda ke nan shekara da shekaru su ne masu kula da furanni, masu shara, masu gadi, da mutanen unguwannin da ke zagaye da makarantar. Kuma wallahi su ne ba a kira wajen zaman shiri, sai dai a ce su jera kujeru da safe, da yamma su kwashe robobin ruwan da masu jawabi kan illar roba suka watsar. Alhali robar nan, duk duniya kashi 9 cikin 100 kacal ake sake sarrafawa a ƙididdigar 2022 ta OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, saura ƙonawa ne ko bola.

Wangari Maathai, malamar Jami'ar Nairobi ce fa a lokacin, ta gane wannan tun 1977 da ta kafa ƙungiyar dashen bishiyoyi ta Green Belt Movement a Kenya. Matan karkara ta ɗora wa aikin, su suke renon tsirran, kuma ɗan ihsanin da ake ba su kan tsiron da ya rayu ne, wanda ya bushe ba a lissafa shi. Abin da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2004 ke nan. Jami'a nawa ce za ta yarda ta fito bayan shekara ta faɗi nawa suka rayu cikin ɗaruruwan da ta yi shelar dasawa?

In da gaske ake, a rage kuɗin riguna da abin sha na manyan baƙi, a ware wa masu ba ruwa alawus na wata goma sha biyu, a sa wakilan ma'aikata da na unguwa cikin kwamiti da bakin magana. Sannan a kula da makon tashi daga hostal, lokacin da katifu da bokitai da littattafai da tufafi masu kyau ke cika kwandon shara. A sa tebura a bakin geti, a sanar da maƙwabta da sababbin ɗalibai su zo su ɗiba, ko kuma a ajiye a sito zuwa sabon zango a sayar da araha, kuɗin ya koma wajen kula da bishiyoyin.