Idan kuɗin ƙaramar hukuma sun iso, wa zai tsare su?

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗaka da jiha ba, ta kuma ce gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi, hirarmu a majalisu da nan Facebook ɗaya ce: kuɗin sun zo ko ba su zo ba? Ni dai abin da ke damuna daban ne. A ce gobe da safe sun faɗo asusu, wa zai sa musu ido? Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu ba mu san yadda cikin sakatariya yake ba. Ciyaman muka sani, sai kansilan mazaɓarmu idan ɗan unguwa ne. Daga nan ilimin ya ƙare.

Mutanen da ke cikin ginin nan kashi uku ne, kuma kowane kashi da wanda yake jin tsoro.

Akwai ciyaman da mataimakinsa da sakatare, sai kansilolin gafaka. Kansilan gafaka ba zaɓarsa aka yi ba, naɗa shi aka yi aka ba shi sashe: wannan na lafiya, wancan na ayyuka, wani na noma, wani na ilimi. Kansila ne a suna, amma aikinsa irin na kwamishina ne, kuma wanda ya kawo shi kaɗai yake kallo. Da yawa daga cikin masu zagin "kansiloli" ba su bambance shi da zaɓaɓɓe ba.

Sai ma'aikata, waɗanda a ganina su ne ƙaramar hukumar ta gaskiya, tunda ɗan siyasa ya yi wa'adinsa ya tafi, su suna nan. Daraktan ma'aikata da ake kira DPM, ma'aji, shugabannin sassa, injiniya, duba-gari, masu yankan rasit a kasuwa. A tsarin da aka saba, DPM da ma'aji ne masu sa hannu kuɗi ya fita. To ga inda gizo ke saƙar: ma'aikaci daga mataki na 7 zuwa sama ba ciyaman ne ke ɗaukarsa ba, ba shi ke ƙara masa girma ba, ba shi ke sauya masa wurin aiki ba. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ce ke yi, ita kuwa gwamna ne ke naɗa shugabanninta. An yi haka da kyakkyawar niyya, don kada kowane sabon ciyaman ya kori ma'aikata ya cika ofis da 'yan uwansa. Amma sakamakon shi ne mai riƙe da alƙalamin fitar da kuɗi ya san takarda ɗaya daga hedikwatar jiha ta isa ta ɗauke shi daga birni ta kai shi can bakin iyaka. Ko da Abuja ta turo kuɗi kai tsaye, wannan igiyar tana nan a wuyansa. Malaman firamare ma nasu layin daban ne, daga sakataren ilimi sai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB.

Kashi na uku shi ne wanda ya sa na yi wannan rubutu: majalisar kansiloli. Kowace mazaɓa kansila ɗaya. A Kano mazaɓu 484 ne a ƙananan hukumomi 44. Ƙaramar hukumar Birni tana da 13, irin su Yakasai, Jakara, Zango, Sheshe, Sharaɗa da Gandun Albasa. Tun 1991, zamanin Babangida, aka raba wannan majalisa da ɓangaren ciyaman, ta zama mai cin gashin kanta da shugabanta da akawunta. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi, ita ke yin dokokin kasuwa da tasha da tsafta, ita ke tantance waɗanda ciyaman ya naɗa, kuma doka ta ba ta hanyar tsige shi. Aikin nan kuwa ba a zauren taro ake yin sa ba, a kwamitoci ake yi. Kwamitin kuɗi ne ya kamata ya zauna da ma'aji ya bi kasafi layi-layi. Kwamitin ayyuka ne zai je ya ga kwalbatin da aka ce an gina, ya taka ta da ƙafarsa, ya tambayi injiniya buhu nawa na siminti ta ci. Na lafiya ya leƙa asibitin sha-ka-tafi ya buɗe kabad ɗin magani.

Yanzu don Allah, wa ya taɓa jin sanarwar zaman kwamitin kuɗi na ƙaramar hukumarsa? Wa ya taɓa ganin rahotonsa an liƙa a allon sanarwa? Na san wata sakatariya da zauren majalisarta ke kulle yawancin ranaku. Idan ka leƙa ta taga, kujeru ne a kife kan tebur, ƙura ta yi musu rawani. Kansilolin suna nan fa, ba wai ba sa zuwa ba. Suna zaune a benci ƙofar ofishin ciyaman, kowa da fayil a hammata yana jiran a kira shi. Wanda aka zaɓa don ya tuhumi mutum, shi ne ke layin neman alfarma a wurinsa.

Wasu za su ce laifin zaɓe ne, kuma suna da hujja. A zaɓen 26 ga Oktoban 2024 jam'iyyar NNPP ce ta lashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484 a Kano, babu ko ɗaya da ta kuɓuce. Kada 'yan adawa su yi saurin tafi, don jihohin APC da na PDP ma haka suke yi, duk wanda ke gidan gwamnati shi ke kwashewa. Majalisar da kowa jam'iyya ɗaya, kowa kuma daga jerin sunaye ɗaya ya fito, da wuya wani ya miƙe ya ce "ranka ya daɗe, wannan lissafin bai yi ba."

Amma mu ma da namu. Ku je ƙofar gidan kansila bayan sallar asuba. Wannan da takardar magani, wancan matarsa ta haihu babu ragon suna, ga matasa da katin gasar ƙwallo, ga dattijo ana bin sa kuɗin haya. Duk buƙatu ne na gaske, ban raina ko ɗaya ba, talauci ba abin wasa ba ne. Sai dai albashin kansila ba zai ɗauki wannan ba, kuma wuri ɗaya ne zai samo cikon: ofishin ciyaman. Mu muka tura shi layin nan. Ranar da aka kawo kasafi kuwa, bakin da ya ci ai shi ke godiya.

Abin haushin shi ne ayyukan da kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa wa ƙaramar hukuma su ne suka fi kusa da jikinmu: kasuwa, tashar mota, mahauta, maƙabarta, magudanar ruwa, kwashe shara, bahaya ta jama'a, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa. Wasu daga ciki hukumomin jiha sun karɓe, kamar yadda shara a Kano ta koma hannun REMASAB, kuma majalisun da ya kamata su ce uffan shiru suka yi.

Ni abin da nake nema bai buƙatar gyaran tsarin mulki. A liƙa sunayen kwamitoci da mambobinsu a ƙofar sakatariya. A sanar da ranar zama, a bar ƙofa buɗe, mai unguwa da shugaban 'yan kasuwa da ƙungiyar mata su shiga su saurara. Abin da ya shigo asusu a wata da abin da ya fita a rubuta shi da Hausa a takarda ɗaya. Kuma idan kansilanku ya zo ɗaurin aure, bayan gaisuwa ku tambaye shi wane kwamiti yake ciki, yaushe suka zauna na ƙarshe, me suka yanke.

Birnin Kano ma yana da ƙarin matsala, don ba shi da majalisa ɗaya. Ƙananan hukumomi takwas ne suka raba shi: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungoggo. Ruwan Jakara bai san iyakar kowa ba. Idan kwata ta toshe a wannan ɓangare, gidajen wancan ɓangaren ne ke cika. Kafin damina ta kama, ya kamata kwamitocin ayyuka na waɗannan takwas su zauna a ɗaki ɗaya da injiniyoyinsu, su fitar da jerin magudanan da za a yashe da wanda zai biya kowace.