Tun daga 2.0 Shankar ya fara rasa hanya

Tun da fim ɗin darakta Shankar mai suna Indian 2 ya fito a watan Yulin 2024 ya sha ƙasa, wani fim ɗin nasa, Game Changer, kuma ya bi sahunsa a farkon 2025, wata magana ta zama ruwan dare a bakin masu bibiyar finafinan Indiya. Wai kwanan nan ne hannun darakta Shankar ya lalace, wai 2.0, ci gaban fim ɗinsa Enthiran, shi ne fim ɗinsa na ƙarshe mai kyau. Maganar nan ta ishe ni. A 2.0 ɓarakar ta fara, siddabarun kwamfuta ne kawai ya rufe wa mutane ido.

A tuna abin da ya sa Enthiran, wanda aka fi sani da Robot, ya shiga zuciyar 'yan kallo a 2010. Dakta Vaseegaran ya ƙera mutum-mutumi mai kamanninsa, Chitti, ya koya masa jin abin da ɗan Adam ke ji. Abu na farko da Chitti ya yi da sabuwar zuciyar shi ne ya faɗa son Sana, budurwar maigidansa. Daga nan komai ya tashi. Kishi ne ya sa Vaseegaran ya sassare shi da gatari aka watsar da shi a juji. Ƙin da aka yi masa ne ya ba Farfesa Bohra ƙofar dasa masa jan na'urar da ta mai da shi mugu, har ya sace amarya ranar ɗaurin aure. Ko wurin da Chitti ya bi sauron da ya ciji Sana don ya kawo shi ya ba ta haƙuri, abin dariya ne a sama, amma yana nuna yadda so ya ruɗa shi. Rajinikanth ya fito a masanin, ya fito a masoyin, ya fito a bos, kuma mace ɗaya ce ta ɗaure su ukun.

To me aka yi da wannan a 2.0 da ya fito ranar 29 ga Nuwamban 2018? An cire Aishwarya Rai da ta fito a Sana, Sana ta koma murya a waya. Aka kawo Nila, wadda Amy Jackson ta fito a matsayinta, ita ma mutum-mutumi, aka ce tana son Chitti. Shi ke nan. Babu wanda ya hana, babu abokin takara, babu abin da ɗayansu zai rasa. Soyayyar da ba ta da shamaki ba labari ba ce. Mai kallon da ya tashi da finafinan Indiya tun zamanin sinimomin Kano har zuwa fassarar Hausa ta yau ya san haka ba sai an faɗa masa ba.

Gurbin da soyayyar ta bari sai aka cike shi da wa'azi. Akshay Kumar ya fito a Pakshi Rajan, masanin tsuntsaye da ya rataye kansa a jikin eriyar sabis saboda a ganinsa ita ke kashe tsuntsaye, sannan ya dawo yana fizge wayoyin mutanen Chennai. Tarihinsa, wanda shi kaɗai ne wuri mai rai a fim ɗin, an jinkirta shi sai bayan hutun rabin lokaci. Da ya zo kuma sai ya ɓata lissafin: bos ya fi jarumi abin tausayi, kuma don a ci galaba a kansa sai da aka yi barazanar kashe tantabaru. Bayanin kimiyyar ma tatsuniya ce da aka sa wa rigar likita. Ba mamaki ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta Indiya ta kai ƙorafi tun kafin a haska shi.

Har waƙa ta sha kashi. A Enthiran an je Machu Picchu a ƙasar Peru an ɗauki waƙa, an je Burazil an ɗauki wata, kowacce tana tura labarin son gaba. A 2.0, ga mawaƙi A. R. Rahman a hannu, amma waƙar Chitti da Nila sai da aka fara jero sunaye a ƙarshe aka saka ta, lokacin da mutane ke neman ƙofa.

Masu kare fim ɗin za su ce shi ne mafi tsada da Indiya ta yi a lokacin, an ɗauke shi da kyamarar 3D, kuma ya tara kuɗi. Wannan lissafin furodusa ne, bai shafi mai kallo ba.

Abin da Shankar ya rasa marubuci ne. Sujatha, wanda ya yi aiki da shi shekaru da dama har da farkon rubutun Enthiran, ya rasu a 2008, kuma giɓin yana ƙara fitowa fili da kowane sabon fim. Idan har ƙaramin mutum-mutumi Kutti, wato 3.0 da aka nuna a ƙarshen 2.0, alama ce ta kashi na uku, to a fara zaunar da wanda zai rubuta wa Chitti abin da yake so da wanda zai hana shi, kafin a kira masu kwamfuta.