Ku buɗe taminal ɗin da ke ƙasan edita, ba ya cizo

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon rubuta program a nan Damagaram, musamman ƙannena na Jami'ar André Salifou da 'yan IUT. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na faɗe ta. Wannan ɗan maɓalli mai kamar kan kibiya da kuke latsawa program ya tashi, shi ne yake hana da yawanku gane abin da ke faruwa a cikin mashin ɗinku. Ku buɗe taminal ɗin da ke cikin editan, wato tagar da ake rubuta wa mashin umarni kai tsaye, ku rubuta umarnin da hannunku, wallahi a nan koyo yake.

Maɓallin fa ba wani sihiri yake yi ba. A editan VS Code in ka latsa shi a kan fishiyen Python, umarni kawai yake rubuta maka a taminal, ka duba ƙasa za ka gan shi, da doguwar hanyar inda Python ɗin yake da sunan fishiyenka. Matsalar ita ce ranar da abu ya ƙi tashi, wanda bai taɓa rubuta umarnin da kansa ba bai san ta inda zai fara ba, kamar ɗan kabu-kabun da bai san inda buji yake ba, mashin ya mutu a hanyar Mirya sai dai ya tsaya yana kallonsa.

Buɗe shi ma ba wuya. Tun 2016 Microsoft suka sa taminal cikin VS Code, amma a bidiyoyin Turanci za ku ji ana cewa a danna Ctrl da wata 'yar alama da mu ba ma ganinta a sarari, saboda yawancin kwamfutocinmu madannan Faransa gare su, AZERTY. A namu Ctrl da ù ne. Yara da yawa a nan suke karaya su ce abin ba ya aiki, alhali madannai ne suka bambanta.

Abin da ya fi damuna shi ne hotunan da ake turowa a gurup ɗin WhatsApp. Mutum ya ɗauki hoton ekran da waya, ya ce "yaya program ɗina ya ƙi", ka duba hoton ka ga ya yanke layin ƙarshe, kuma a Python layin ƙarshen nan shi ne yake faɗa maka ainihin kuskuren, na samansa kuma su nuna maka fishiye da lambar layi. In ya ce FileNotFoundError, sau da yawa fishiyen yana nan lafiya lau, kai ne kake tsaye a wani dosiye daban, ka rubuta pwd ka ga inda kake, ka yi cd ka shiga inda ya dace shi ke nan. In ya ce ModuleNotFoundError bayan ka rantse ka yi pip install (umarnin sauke kayan Python), to galibi Python biyu ne a mashin ɗin, ka zuba kayan a ɗaya kana tayar da program da ɗayan, ka rubuta python -m pip install a wannan taminal ɗin dai ka huta da ƙona forfe kana sake saukewa.

Wani zai ce to ai zan iya buɗe taminal daban a waje. Gaskiya ne, amma na cikin edita yana buɗewa ne kai tsaye a dosiyen aikinka, kod yana sama kuskure yana ƙasa ido ɗaya ya gan su, ka riƙe Ctrl ka latsa sunan fishiyen da ke cikin saƙon kuskure ya kai ka kan layin, ka gyara, ka danna kibiyar sama umarnin ɗazu ya dawo, Enter. A ƙaramin ekran irin na kwamfutocin da muke saye na hannu wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai farautar kuskure. Ku rage cika kod da print ko'ina. Tun Python 3.7 da ya fito a 2018 akwai breakpoint(), ka sa shi a layin da kake zargi, program ya zo nan ya tsaya yana jiranka a taminal: p da sunan variyabul ya nuna maka abin da ke ciki, n ya matsa layi ɗaya, s ya shiga cikin fonksiyo, c ya ci gaba. Masu C kuma ku haɗa program ɗin da gcc -g ku tayar da shi cikin gdb, kayan farautar kuskurensu, in ya faɗi da segmentation fault ku rubuta bt ya nuna muku layin da ya mutu. Duk wannan ba ya buƙatar koneksiyo ko kaɗan. Wanda mashin ɗinsa RAM 4 giga ne VS Code na yi masa nauyi da shan batiri lokacin da aka ɗauke kuran, editan Vim ma yana da :terminal tun 8.1, a 2018.

Inda ban yarda da taminal ɗin cikin edita ba guda ne, aikin da zai daɗe yana gudana kamar saba (serveur) ko dogon lissafi, in ka rufe edita ya tafi da shi, wannan ka ba shi tagarsa daban ko tmux, program ɗin da ke barin aiki ya ci gaba ko ka rufe taga. Kuma F5 mai tayar da farautar kuskure a VS Code da jan ɗigon F9 mai tsayar da program a kan layi suna da kyau sosai, ina amfani da su, amma bayan mutum ya iya na hannu.

Malamanmu masu ba da TP, don Allah ina roƙo, makonnin farko ku hana yara taɓa maɓallin nan gaba ɗaya. Kowa ya rubuta gcc da hannunsa, ya karanta kuskurensa da ƙarfi a gaban aji kafin ya ɗaga hannu ya kira malam.