Fim ɗin kurkuku na 1954 da ya hana ni barci

Jiya da daddare wuta ta ɗauke, sai na kwanta da waya na kalli wani tsohon fim ɗin Amurka, baƙi da fari, mai suna Riot in Cell Block 11. Na 1954 ne. Ƙanena ya leƙo, da ya ga babu kala sai ya ce, "Yaya, wannan ai na zamanin kakanni ne," ya yi gaba abinsa. Shi ya sani.

Ba a kashe masa kuɗi sosai ba, ba kuma wani fitaccen tauraro a ciki. Amma ni a ganina ya fi finafinan kurkuku na yanzu da ake zuba wa miliyoyi, kuma dalilin yana wurin furodusan. Walter Wanger ya harbi wani mutum a 1951 saboda kishin matarsa, 'yar fim Joan Bennett. Mutumin bai mutu ba, shi kuwa Wanger aka ɗaure shi wata huɗu. Wato ya ɗanɗana zaman da kansa kafin ya fito ya shirya fim a kai.

Darakta Don Siegel a cikin ainihin gidan yarin Folsom na Kalifoniya ya ɗauki fim ɗin, da fursunoni da gandirobobi na gaske. Kana jin ƙarar ƙofofin ƙarfen nan ka san ba a situdiyo ba ne. Leo Gordon ma, wanda ya fito a matsayin fursuna mafi hatsari, ya taɓa zaman gidan yarin San Quentin kan fashi da makami. Kallon da yake yi wa gandiroba ba koya masa aka yi ba.

Abin da ya fi kama ni shi ne shugaban gidan yarin ba mugu ba ne. Fursunonin sun yi bore, sun yi garkuwa da gandirobobi, suna kuka da cunkoso, da rashin aikin yi, da haɗa masu taɓin hankali da sauran mutane. Shi kuma shugaban ya daɗe yana roƙon 'yan majalisar jiha su gyara waɗannan abubuwa, ba su ba shi kuɗi ba.

Gwamna ya sa hannu a yarjejeniya, aka saki gandirobobin. Sai majalisa ta ce ba ta san zancen ba. Dunn, jagoran boren, aka kira shi ofis aka gaya masa zai koma gaban alƙali, ƙarin shekara 30 na iya hawa kansa. Na kashe waya ƙarfe ɗaya saura, wuta ba ta dawo ba.