Ciyaman da takalman dattawan unguwa

Ɓarayi ne suka jefa ni harkar kare. Gidanmu yana can bakin unguwa ta wajen Rikkos a Jos, inda gidaje suka fara ba juna tazara, kuma a damina ɗaya aka cire mini batirin mota, aka dawo aka kwashe kajin uwargida har da zakaran da take ji da shi. Da na kai kukana wurin aiki, wani abokin aikina ɗan Bukuru ya ce karyarsa ta haihu, in zo in ɗauki ɗaya kyauta. Ya rantse mini uban kwikwiyon Alseshan ne, irin karnukan nan na Jamus da 'yan sanda ke yawo da su. Uwar kuwa bai ce komai a kanta ba. Da ɗan ya fara tasawa sai kunne ɗaya ya miƙe irin na Jamus, ɗayan ya kwanta irin na Bukuru, kuma har gobe haka suke.

Kafin in kawo shi sai da na tuntuɓi limamin masallacinmu. Ya ce ajiye kare don gadi malamai da yawa sun halatta, har ya ba ni labarin da ake ruwaitowa na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya ajiye kare a gidansa, da aka yi masa magana ya ce da Imamu Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Amma ya ja mini kunne: ban da ɗakin kwana, kuma in ya sa baki a kwano a wanke sau bakwai. Uwargida ta ƙara nata sharuɗɗan a kai: ba ya taɓa buta, ba ya kusantar dadduma, ba ya leƙa kicin, kuma kashinsa ba ita za ta kwashe ba. Ita ce ma ta raɗa masa suna. Ta lura ba a ganin ƙeyarsa sai lokacin rabon abinci, in an gama ya koma inuwa ya kwanta, sai ta ce wannan ai Ciyaman ne.

Da ya cika wata uku na kai shi asibitin dabbobi aka yi masa allurar rigakafin haukan kare. Likitan ya ce duk shekara sai an maimaita, domin cutar in ta bayyana a jikin mutum ko dabba da wuya a tashi, kuma mu mutanen Jos ba mu da uzuri tunda ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa nan Vom a bayan gidanmu tun 1924. Aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka rubuta na kaska, aka buɗe masa kati da sunansa a jiki. Ni da na biya kuɗin ko katin asibiti ba ni da shi.

A nan na shaida wa likita shirina na horo. Na riga na kwana ina kallon bidiyo a YouTube, na ga wata Baturiya tana ɗaga yatsa ɗaya kare ya zauna, ta ɗaga biyu ya kwanta, har da wanda yake rufe ƙofa in ya shigo. Sirrin, inji su, shi ne lada: da zarar ya yi abin da kake so, ka sa masa wani abu mai daɗi a baki nan take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kafin ya manta abin da ya yi. Na ce wa likita ni kilishi zan riƙa ba shi. Ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce yaji da albasa da tafarnuwa duk suna cutar da kare, albasa ma jini take lalata masa. Ban da cakulan, ban da ƙashin kaza dafaffe domin tsagewa yake ya soke hanji. In ina son abin lada, in dafa hanta ba gishiri in yayyanka ƙanana.

Haka uwargida ta same ni da yamma a kan turmi ina yanka hanta da reza.

"Malam, wannan fa ta waye?"

"Ta Ciyaman ce. Kayan aiki ne. In ya zauna sai in ba shi."

"Ikon Allah. Ni tun haihuwar auta ban ga ka shigo da hanta gidan nan ba. Ashe zama ake yi a samu." Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a gabana ta miƙo hannu. "To ga ni, na zauna."

Daga ranar kason hanta ya zama biyu.

Horon kansa fa ya yi kyau, kada wani ya gaya maka wani abu daban. Ka riƙe hantar a saman hancinsa, ka ja ta a hankali zuwa ƙeya. Kansa na bin ta sama, gindinsa na sauka ƙasa da kansa. Yana taɓa ƙasa ka ce "Zauna", ka ba shi. Minti biyar safe, minti biyar yamma, domin kwikwiyo ba ya jure dogon karatu. Ba a jima ba Ciyaman ya haddace. Matsalar ita ce ya haddace fiye da abin da na koya masa. In na ce "Zauna", sai ya fara zagayowa ya shinshina hannun dama, ya shinshina na hagu, ya leƙa aljihu, kamar ma'aikacin shingen hanya da ke duba tafin direba kafin ya ɗaga itace. In da kaya, ya zauna har da ɗaga ƙirji. In babu, ya yi hamma ya tafi abinsa.

Akwai wani masanin Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya ci kyautar Nobel a 1904, wanda kuma ya gano kare na iya haɗa wata ƙara da zuwan abinci har yawunsa ya riƙa dalala tun bai ga kwano ba. Na so in yi amfani da wannan ilimin, na sayo usur don in riƙa kiransa. Usur ɗin yaran unguwa kawai yake tarowa, su ɗauka ƙwallo za a fara. Ciyaman kuwa ƙarar da ya zaɓa wa kansa ita ce ta murfin tukunyar miya. Ko yana bayan tankin ruwa yana barci, uwargida na ɗaga murfi za ka gan shi a ƙofar kicin a zaune, tsaf, ba wanda ya ce masa ya zauna.

Sai ya shiga wata na huɗu, haƙoran nono suka fara zuba, sababbi na tsirowa. A wannan lokacin dasashin kare ƙaiƙayi yake, komai ya samu sai ya tauna, kuma abin kan ja har wajen wata shida ko bakwai. Ya ci igiyar shanya, ya ci tiyon ruwa, ya ci gefen tabarma. Na ƙulla masa tsohuwar igiya na ba shi, kamar yadda masana suka ce. Amma gida ba mutum ɗaya ba ne. Ina hana shi tsalle a jikin mutane, yara na dawowa daga makaranta suna buga ƙirji suna kiransa ya hau. Ina hana shi roƙo, babbar 'yata na zura masa masa ta ƙarƙashin ƙofa. Auta kuwa, saboda tausayi, ya ɗauko tsohon sandal ɗinsa na makaranta ya ba shi ya tauna. To kare ina ya san tsohon takalmi da sabo? A wurinsa an buɗe babi ke nan.

Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Ni na gani, amma na ɗauka bincike yake irin na jinin Jamus.

Cikin watan Disamba, da sanyin Jos ya kankama har ruwan buta ke cizon yatsa, aka sa taron dattawan unguwa kan kuɗin 'yan sintiri, kuma gidana aka zaɓa saboda falona ya fi faɗi. Bayan sallar isha'i suka hallara, mai unguwa da liman da sauran masu gida, kowa da rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga, kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Aka kawo shayi, aka rufe ƙofa saboda iska. Da aka zo kan nawa kowane gida zai bayar, na gyara murya na ce, ranka ya daɗe, ina ganin gidan da ya riga ya yi tanadin tsaronsa ya kamata a rage masa. Na yi bayanin Ciyaman, na yi bayanin asalinsa ta wajen uba, har na taɓo Pavlov. Na ga wasu na gyaɗa kai. Mai unguwa ya ce za a duba.

Aka shafa fatiha aka buɗe ƙofa. Takalma suna nan a jere yadda aka bar su, sai dai kowane ƙafa ɗaya ne.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsarin aikin. Bai hargitsa komai ba, bai bar wa kowa biyu ba, bai kuma kwashe wa kowa duka ba. Dattawa suka tsaya cirko-cirko a kan siminti mai sanyi, kowa da takalmi ɗaya a hannu, ana haska fitilar waya. Na yi ta kiran "Ciyaman! Ciyaman!", shiru. Sai uwargida daga ciki, ba tare da ta ce uffan ba, ta ɗaga murfin tukunya ta mayar. Sai ga shi ya ɓullo daga bayan gida a guje, hanci duk jar ƙasa, da sau-cikin mai unguwa a bakinsa, wanda ɗansa ya kawo masa tsaraba daga Umra. Ya zo ƙofar kicin ya zauna, ya ajiye takalmin a gabansa. Dunduniyar ta riga ta tafi.

Sauran mun tono su a fangalin latas ɗin uwargida, an binne su da kyau. Na liman ne kaɗai ba a gani ba a daren, ya tafi gida da silifas ɗinmu na banɗaki, yana ta cewa ba komai, ba komai, da irin muryar da ke nuna akwai komai. Mai unguwa ya juya takalminsa a hasken waya ya daɗe yana kallo.

"Wannan shi ne mai gadin?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Yaro ne, yana kan karatu."

"To a rubuta wa gidan nan kaso biyu. Ɗaya na ɓarayin waje, ɗaya na na cikin gida."

Washegari ƙanena ya zo da dorina, ya ce kare ba ya jin magana sai da bulala, a ɗaure shi a rana kuma ya yi zafi. Na hana. Dukan da aka yi bayan an kwana ba ya koya wa kare komai game da takalmi. Abin da zai koya shi ne mai dorina abin gudu ne, ko abin cizo. Uwargida ba ta goyi bayan duka ba, ita tata shawarar ta fi sauƙi. Ta tuna mini cewa kasuwar karnuka ta Dawaki, can ƙaramar hukumar Kanke, ranar Alhamis take ci, kuma ta san direban da ke bin hanyar Pankshin. Tun daga nan duk daren Laraba sai in ga tana kallon Ciyaman tana murmushi.

Ana cikin haka Goggo, yayar mahaifina, ta zo daga Bauchi ganin likitan ido ta sauka wurinmu. Goggo ba ta son kare, ba ta kuma ɓoye ba. Ranar da ta iso ta shimfiɗa tabarmarta a tsakar gida inda rana ke bugawa, ta ajiye rediyo da carbi da goro. Ciyaman ya taho yana kaɗa wutsiya zai gaisa. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta yi ɗan tari, ta ce, "Kul."

Ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a sama.

Ta ɗauki sandarta ta ja layi a ƙasa, tsakanin tabarma da rijiya. In ya taka layin ta ce "Kul", murya ɗaya, ba ihu, ba ƙari. In ya koma baya ya kwanta, ta ƙyale shi. Bayan la'asar kullum, in ta ga yana kwance a bayan layin, sai ta jefa masa ƙanzon tuwo, can gefe, tana cewa ba don halinsa ba, don dai dabba ce mai rai. Yara ma ta sa musu doka, duk wanda ya kira kare ya hau jikinsa ba zai zauna mata a tabarma ba sai ya sake wanka, a sanyin nan. Kafin a cire mata bandejin ido Ciyaman ya daina tsalle, ya daina leƙen kicin, kuma takalmin Goggo yana kwana a waje ba abin da ke taɓa shi. Duk a kan ƙanzo.

Na yi mata bayani cewa abin da take yi shi ne ainihin abin da ke cikin bidiyon: kalma ɗaya, lokaci ɗaya, lada nan take, kuma harsashin da na riga na kafa ne ya sa abin ya zo mata da sauƙi. Ta ɓantari goro ta ce, "Kai ɗan nan, ni 'ya'ya na raina, har da ubanka. Shi ma da farko haka yake."

Da ta koma Bauchi, ko ƙurar motar ba ta kwanta ba ya ɗauke takalmin mai kawo mana ruwa. Na gwada "Kul" da muryata, ya zo ya shinshina aljihu. Na naɗi muryar Goggo a waya na kunna masa, ya saurara da kunnen Jamus ɗin, ya gane babu ɗan tarin nan na farko, ya ci gaba da abin da yake yi. Yanzu dai tsarin da muke kai shi ne, in za a yi baƙi, na kira Goggo na sa a lasifika, ta yi tari ta ce "Kul", ya je bayan layi ya kwanta. Ta ce aikin ba kyauta ba ne, duk wata ina tura mata katin waya da kuɗin goro, ga kaso biyu na 'yan sintiri, ga hantar mutum biyu. Ranar da babu sabis kuwa, tun daga bakin ƙofa muke ba baƙi leda, kowa ya shiga falo da takalminsa a hannu.