Jadawalin Sinadarai Ba Allon Hadda Ba Ne

Kwanan baya na leƙa gidan yayana, na tarar da ɗansa a zaure, ido a rufe, yana kaɗa kai yana rera wani abu kamar waƙa. Da na kasa kunne sai na ji sunayen sinadarai ne: haidurojin, hiliyam, litiyam, har zuwa kalsiyam, guda ashirin cif, ko tuntuɓe bai yi ba. Jarrabawar WAEC ce ta ƙarato. Na ce masa, "Madalla. To, me ya sa aka ajiye sodiyam a ƙarƙashin litiyam?" Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce, "Baffa, ai haka yake a littafi."

Ban ga laifin yaron ba, domin mu ma haka aka koya mana. Mu mutane ne masu girmama hadda, kuma tana da muhallinta. Sai dai shi wannan jadawalin sinadarai da yaron ke haddacewa, an tsara shi ne don a rage wa ɗalibi nauyin hadda, mu kuma muka mayar da shi wani sabon kaya muka ɗora masa.

Dmitri Mendeleev malamin jami'a ne a birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha. A shekarar 1869 yana rubuta littafin koyarwa, ga sinadaran asali 63 da aka sani a lokacin, kowanne da halinsa, babu wata igiya da ta ɗaure su. Da ya jera su daga marar nauyi zuwa mai nauyi, sai ya lura halayensu suna maimaituwa bayan 'yan taku. Ya tara masu kama da juna a layi ɗaya, kamar 'yan gida guda. Wasu ma sun hango wannan, ciki har da Lothar Meyer na Jamus. Abin da ya bambanta Mendeleev shi ne ƙarfin hali: inda jerin ya ƙi daidaita, sai ya bar gurbi, ya ce akwai mai wurin, ba a dai gano shi ba tukuna. Har nauyinsa da halinsa ya faɗa.

A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano galiyam, wani ƙarfe da ke narkewa a tafin hannu (a zafin Kano na watan Afrilu ba sai an taɓa shi ba). Ya auna nauyinsa gwargwadon girmansa ya samu 4.7. Mendeleev, wanda ko a mafarki bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya aika masa cewa ya sake awo, kamata ya yi ya samu wajen 5.9. Mutumin ya ƙara tace ƙarfen, ya sake aunawa, ya samu 5.9. Sikandiyam ya biyo baya a 1879, jamaniyam a 1886, kowanne ya zauna a gurbin da aka tanadar masa. A 1913 Henry Moseley na Ingila ya nuna cewa lambar kowane sinadari tana da tushe a cikin ƙwayar zarrarsa, wato abin da yanzu muka sani da adadin furoton, ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra. Yau gurabe 118 ne, duk a cike.

Wannan labarin shi ne darasin, kuma shi muke tsallakewa. Yaron da ya ji cewa mutum ya zauna da takarda ya siffanta abin da bai gani ba, aka zo aka same shi haka, ya fara gane mene ne kimiyya. Wanda ya haddace sunaye ashirin kuwa, mako biyu bayan jarrabawa sun bi ruwa.

Na san amsar da malamai za su ba ni, kuma ba ƙarya suke yi ba. Aji ɗaya ɗalibai sun fi ƙarfin kujeru, ɗakin gwaje-gwaje in ma akwai shi kwalabe ne a bushe, ga manhaja tana jira a gama ta. Amma jadawalin nan yana cikin abubuwa ƙalilan da ba sa bukatar kayan aiki masu tsada, domin kayan suna madafi da kasuwa.

Ɗauki kanwa. Idan ta yanke wa uwar gida, takan tace toka ta zuba ruwan a miya, aiki ya yi. Me ya sa? Kanwa tana ɗauke da sodiyam, toka tana ɗauke da fotasiyam, su biyun kuwa layi ɗaya suke, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, shi ya sa halinsu ya zo kusa. Kakanninmu sun san wannan da hannu tun kafin a haifi Mendeleev. A saman su biyun akwai litiyam, wanda ke cikin batirin wayar da yaron yake riƙe da ita, wanda kuma ake rububin haƙarsa a Nasarawa. Jan ƙarfe da azurfa da zinariya su ma 'yan layi ɗaya ne, kuma duk maƙerin farfaru ya san suna da sauƙin sarrafawa. Kuzar Jos tana lamba 50, yuraniyom ɗin Arlit na Nijar yana lamba 92, aidin da ake sa wa a gishiri don kare mutane daga maƙoƙo yana lamba 53. Dalma, mai lamba 82, ita ce ta fito daga duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje a Zamfara, ta kashe yara sama da 400 a 2010. Ƙasar da irin waɗannan abubuwa ke kwance a ƙarƙashinta ba ta da dalilin koyar da sunayensu kamar sunayen baƙin da ba za a taɓa haɗuwa da su ba.

Shawarata ga masu shirya jarrabawa ita ce su buga jadawalin a bayan takardar tambayoyi, kowa ya gani, sannan su tambayi abin da sai an yi tunani: ga sinadari a wuri kaza, me kake zaton zai yi idan ya haɗu da ruwa? Malami yana koyar da abin da ya san za a tambaya ne. Ranar da hadda ta daina kawo maki, zai daina ɓata zangon karatu a kanta.

Kafin in bar gidan yayana na ja yaron zuwa rumfar da babansa ya jibge buhunan taki. A jikin kowane buhu an rubuta NPK 15-15-15 da manyan baƙaƙe. Na ce ya karanta. Ya karanta, ya yi shiru, sannan ya sa yatsa a kan harafin farko ya ce, "Naitirojin?" Shekara nawa yana ɗaukar buhunan nan zuwa gona, bai taɓa haɗa su da waƙarsa ba. Na biyun bai ba shi wuya ba, fosforas ne. A kan na ukun muka ɗan yi gardama, domin shi ya fi yarda cewa K kanwa ce, alhali alamar fotasiyam ce.